GANDUN DAJI DA DUWATSUN BIRNIN KUDU: WA ZAI TSARE, WA ZAI CI MORIYA?

Duk matafiyin da ya taso daga Kano ya bi ta Wudil ya nufi kudu maso gabas, in ya yi tafiyar kilomita 130 da 'yan kai zai ga ƙasa ta fara sauya kama. Filin da yake shimfiɗe kamar tabarma sai ya ga ya soma tudu da gangare, ga manyan duwatsu sun ɗago kai nan da can, waɗansu bisa waɗansu kamar da hannu aka ɗora su. A gindinsu akwai ɗorawa da tsamiya da kanya da kuka, domin ruwan saman da wannan yanki yake samu ya fi na arewacin Jihar Jigawa yawa. Wannan ita ce ƙasar Birnin Kudu. In aka ƙara gaba kuma sai ƙasar Gwaram, wadda ta yi iyaka da Jihar Bauci.

Amma akwai wani abin da matafiyin zai gani wanda ba zai faranta masa rai ba. A bakin hanya ga itacen girki an tara dami-dami, ga buhunan gawayi an jingine su da juna, ana jiran motar da za ta kwashe su zuwa birni. Kowane buhu a cikinsu bishiya ce da ta shekara da yawa tana girma, aka sare ta cikin yini guda. Mai saran ba mugu ba ne, abinci yake nemar wa iyalinsa. Mai sayen ma ba shi da laifi, tukunya zai ɗora. Duk da haka in al'amarin ya ci gaba a yadda yake, nan gaba kaɗan mai sara da mai saye duka za su rasa abin da suke dogara gare shi.

Tambayar da ke gaban hukuma da talakawa a nan ita ce: yaya za a yi dajin gwamnati ya tsira, ya kuma zama wurin da jama'a za su amfana da shi, har su je su huta a cikinsa, ba tare da an raba talaka da hanyar cin abincinsa ba?

DUKIYA BIYU A WURI ƊAYA

Birnin Kudu ya sha bamban da sauran garuruwan jihar, domin Allah ya haɗa masa dukiya biyu a wuri guda, watau daji da kayan tarihi. A cikin kogunan duwatsun da ke kewaye da garin, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, akwai zane-zanen da mutanen dā suka yi a jikin dutse da launi ja da fari da baƙi. Yawancinsu hotunan shanu ne, kuma abin da ya ba masana sha'awa shi ne shanun ba su da tozo, ba kamar shanun Fulani da aka saba gani yau ba. Wannan ya nuna cewa an yi kiwon wani irin jinsin shanu a ƙasar tun kafin zuwan waɗanda ake da su yanzu.

A tsakiyar shekarun 1950 ne labarin zanen ya kai ga Ma'aikatar Kayan Tarihi. Cikin 1955 wani Bature mai suna Bernard Fagg, wanda shi ne ya kafa gidan ajiye kayan tarihi na Jos cikin 1952, ya je ya duba su. Yana cikin wannan aiki ne ya lura da waɗansu duwatsu da ke ba da amo kamar kuge in an buga su da ɗan dutse, kuma jikinsu duk ya lotsa saboda yawan bugu shekara da shekaru. Abin da ya rubuta a kansu ya sa masu bincike suka shiga neman irinsu a sauran ƙasashen Afirka har da Turai, aka kuwa same su. Ta haka sunan Birnin Kudu ya shiga littattafan masana na duniya. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta sa waɗansu daga cikin wuraren a jerin kayan tarihi na ƙasa, kuma Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1979, tana da cibiya a garin don yi wa baƙi bayanin zanen.

Mutanen gari kuwa ba Bature ne ya nuna musu duwatsun ba. Tun kaka da kakanni yara na wasa a kansu, 'yan mata kuma na zuwa can da amarya lokacin biki. Watau tun kafin a san kalmar yawon buɗe ido, wurin shaƙatawar jama'a ne.

To, dutsen da dajin da ke kewaye da shi ba su rabuwa. Bishiyoyi da ciyayi su ne ke kare bakin kogo daga iska mai ƙura da zafin rana, su ne kuma ke riƙe ƙasar gindin dutse kada ruwa ya tafi da ita. In aka sare su, aka cinna wa ciyawa wuta da rani, hayaƙi ya shiga kogo, ko masu fasa dutse suka matso kusa, zanen da ya daɗe yana nan sai ya dushe cikin 'yan shekaru, kuma ba mai iya mayar da shi.

YADDA AKA SOMA KEƁE DAJI

Keɓe daji ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa kowane gari yana da hurumi wanda ba a nomawa, akwai makiyaya da burtali na dabbobi, akwai kurmin da ba mai sa masa gatari. Sarkin daji da sarkin baka suna da ta cewa a kan farauta, dagaci da mai unguwa kuma sun san bishiyar kowa. Ɗorawa da kuka da ke cikin gona suna da mai su, har ana gadonsu.

Da Turawa suka zo sai suka mai da abin a rubuce. An yi dokar daji cikin 1916, aka sake ta cikin 1937, kuma a ƙarƙashinta ne aka yanka yawancin gandayen dajin da ke Arewa. Hanyar da ake bi a lokacin tana da tsari. Za a fara ba da sanarwa cewa ana nufin keɓe wuri kaza. Sa'an nan a naɗa jami'in da zai zauna ya saurari duk mai da'awar yana da hakki a wurin. Abin da aka tabbatar sai a rubuta shi, misali izinin tsintar busasshen itace, da ɗiban 'ya'yan itatuwa da magani, da bin hanyar da ta ratsa, da shayar da dabbobi a rafi. Bayan haka a kafa alamun iyaka, a buga a gazet. Burin Turawa shi ne a keɓe kashi 25 cikin 100 na ƙasar Nijeriya, amma abin da aka samu bai wuce wajen kashi 10 ba.

A Arewa yawancin gandayen suna hannun Hukumar En'e ne. Da yake Birnin Kudu da Gwaram suna cikin ƙasar Kano a wancan zamani, En'e ta Kano ce ke biyan malaman daji da masu gadi. Malamin daji ya san hakimi, hakimi ya san dagatansa, dagaci ya san wanda ya shiga gandu da gatari. Ba za a ce tsarin ba shi da aibi ba, domin talakawa da yawa sun ɗauki malamin daji a matsayin mai cin tara kawai, kuma an raba waɗansu ƙauyuka da filayen da suke ganin nasu ne. Amma dai kowa ya san inda iyaka take, ya kuma san wanda zai tambaya.

ABIN DA YA SAUYA

Abubuwa da dama sun taru sun raunana wannan tsari. Na farko shi ne sauyin mulki. An ƙirƙiro Jihar Kano cikin 1967, aka yi gyaran ƙananan hukumomi cikin 1976 wanda ya kawo ƙarshen En'e, dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. Ran 27 ga Agusta, 1991, aka cire Jigawa daga Kano. A kowane mataki aikin daji ya sauya hannu, takardu da taswirori suka bi ofis-ofis, tsofaffin ma'aikatan da suka san iyakoki da ƙafa suka yi ritaya ko suka rasu.

Yau in aka dubi tuddan Birnin Kudu za a ga hukumomi huɗu ne ke da hannu a ciki. Zanen dutse na Gwamnatin Tarayya ne. Gandun daji na gwamnatin jiha ne. Kasuwa da harajin itace da ƙananan hanyoyi suna hannun ƙaramar hukuma. Hakimai da dagatai na Masarautar Dutse kuwa su ne ke zaune da jama'a dare da rana, su ne kuma ake fara kai wa ƙara. In waɗannan huɗu ba su zauna tare ba, kowa sai ya ɗauka aikin na wani ne.

Na biyu shi ne yawan jama'a. A ƙidayar 2006 Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu ta haura mutum 300,000, ta Gwaram kuma ta haura 270,000, kuma tun daga lokacin an ƙaru ƙwarai. Gonar da uba ya noma shi kaɗai yau 'ya'ya biyar ko shida ne ke rabonta. Saurar da a dā ake barinta ta huta shekara uku ko huɗu yanzu babu ita. Saurayin da ya yi aure ba shi da gona, in ya ɗaga ido ya hango gandun gwamnati a kwance ba mai gadi, ba sai an gaya masa abin da zai yi ba. Da ya share kadada ɗaya ya shuka gero bana, baɗi maƙwabcinsa zai share biyu.

Na uku shi ne fari. Farin 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya cikin 1983 da 1984, sun kashe itatuwa da dabbobi masu yawa a arewacin ƙasar, suka kuma turo makiyaya kudu, inda ciyawa da ruwa suka fi daɗewa. An yi dokar keɓe makiyaya a Jihar Arewa tun 1965, amma da yawa daga cikin makiyayun da burtalolin an nome su. Bafulatanin da aka toshe wa burtali ba shi da inda zai nufa sai gandun daji, in ciyawa ta ƙare kuma ya hau bishiya ya sassabo wa shanunsa ganye.

Na huɗu shi ne wutar girki ta birane. Kano da Dutse da sauran garuruwa suna ta faɗaɗa, kuma duk lokacin da kananzir ko iskar gas suka yi tsada sai magidanta su koma ga itace da gawayi. Masu gawayi kuwa ba kowace bishiya suke so ba. Sun fi neman masu ƙarfi irin su ƙirya da marke da kaɗanya, waɗanda su ne suka fi jinkirin girma. Ƙiryar da maƙeri ke sarar reshenta a dā don wutar maƙera, yau ana tumɓuke ta gaba ɗaya.

BISHIYA MAI UBANGIJI

Akwai wani abin lura da masu bincike suka gano a ƙasar Kano wanda ya kamata a yi tunani a kansa. Cikin shekarun 1980 waɗansu masana, ciki har da Michael Mortimore wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, sun yi nazarin yadda birnin Kano ke samun itacen girki, aka buga sakamakon cikin 1990. An zaci za su tarar gonakin da ke kewaye da birnin sun zama fili fetal, tun da can ne jama'a suka fi cunkoso. Sai suka tarar manoman wurin suna riƙe da itatuwan gonakinsu, suna yi musu sassabe, suna barin sababbi su taso. Itacen da birnin ke ƙonawa kuwa ana ƙara ɗauko shi daga dazuzzuka masu nisa, a motoci.

Dalilin a fili yake. Ɗorawar da ke cikin gona tana da mai ita. Matarsa na yin daddawa da kalwarta, 'ya'yansa na shan garinta, saboda haka ba zai bari wani ya taɓa ta ba. Gawon da ke gona yana zubar da ganye da damina, ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma ƙara wa ƙasa taki, don haka manomi na lallaɓa shi. Amma ɗorawar da ke cikin gandun gwamnati kowa na ganin in bai sare ta yau ba, wani zai sare ta gobe.

Maƙwabtanmu na Jumhuriyar Nijar sun ga haka da idonsu. A can dokar daji ta dā ta mai da itatuwa masu daraja mallakar gwamnati ko da a gonar mutum suke, saboda haka manoma ba su damu da renon su ba. Daga 1983, a yankin Maraɗi, aka soma koya wa manoma abin da suke kira sassaben zamani, watau a bar tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, a zaɓi masu ƙarfi a rage sauran. Wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana cikin waɗanda suka fara yaɗa wannan dabara. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata cewa bishiyar da ya rena tasa ce, sai abin ya bazu. An ƙiyasta cewa filin da ya farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar ya kai hekta miliyan 5, ba tare da an dasa yawancin itatuwan ba.

Game da dajin hukuma kuwa, cikin 1992 Nijar ta yi dokar kasuwannin itace na karkara. Ana yanka wa ƙauye wani ɓangare na daji, a ƙayyade yawan itacen da za a sara a shekara, a kasa wurin kashi-kashi ana sara ana barin wani ya huta. Mai mota ba zai shiga daji da kansa ba, sai ya saya a kasuwar ƙauyen, harajin kuma a raba tsakanin ƙauye da hukumar yanki da baitulmalin ƙasa. Dajin Baban Rafi da ke kudu da Maraɗi yana cikin wuraren da aka gwada wannan. Ba ko'ina abin ya tafi daidai ba, domin inda sa ido ya yi rauni an sari fiye da ƙa'ida. Amma ya nuna cewa ƙauyen da ke da rabo a daji yana da dalilin korar ɓarawon itace.

DAJIN DA AKA ƘAURACE WA

Asarar itace ba ita kaɗai ce illar sakaci da daji ba. Mutanen Gwaram ba za su manta da watan Afrilu na 2014 ba, lokacin da 'yan bindiga suka kai wa garin hari da dare, suka afka wa ofishin 'yan sanda, aka yi asarar rayuka. Cikin watan Yuli na wannan shekara sojoji suka shiga dajin Balmo, wanda ya taso daga Jihar Bauci ya dangana da iyakar Jigawa, suka tarwatsa sansanonin 'yan ta'adda suka kwaso makamai. Dajin Falgore na Jihar Kano ma ya yi shekaru yana fama da ɓarayin shanu da masu tare hanya, har sojoji suka mai da wani ɓangarensa filin atisaye cikin 2017.

Darasin da ke cikin wannan shi ne, dajin da ma'aikaci ba ya kewayawa, ɗan makaranta ba ya ziyarta, mai tsintar itace kuma yake shiga a ɓoye don tsoron tara, ba ya zama kango. Wani ne zai shige shi, kuma ba mai alheri ba. Masu hali nagari da ke shiga da fita da izini su ne idon hukuma. Mace mai ɗiban kaɗanya, da maharbi, da makiyayi, su ne ke fara ganin baƙuwar fuska da sawun babur inda bai kamata ba. In suna ganin hukuma abokiyar gaba ce, ba za su faɗa ba.

SHAƘATAWA NA IYA BIYAN KUƊIN GADI

A nan ne batun shaƙatawa ya shigo. Waɗansu na ganin yawon buɗe ido abin Turawa ne da masu kuɗi, amma tarihin Arewa bai nuna haka ba. An keɓe dajin Yankari cikin 1956, aka buɗe shi ga jama'a ran 1 ga Disamba, 1962. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi cikin 1991, aka mayar wa Jihar Bauci cikin 2006. Giwaye da ɓauna da gwanki ne suka sa ya yi suna, amma duk wanda ya je ya san cewa ruwan ɗumi na Wikki shi ne abin da iyalai da 'yan makaranta suka fi ɗoki. A tsohuwar Jihar Kano ma, Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya gina gidan namun daji na Kano da wurin hutawa na tafkin Bagauda, a zamaninsa ne kuma aka ɗaga dajin Kogin Kano, watau Falgore, ya zama gandun namun daji.

A Jigawa, dausayin Baturiya da ke ƙasar Haɗeja, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai da hunturu, ya shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya cikin 2008. Cikin Disamba 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a kafa sababbin gandayen ƙasa guda 10, ciki har da Baturiya da Falgore. Ke nan arewa maso gabashin jihar ya sami abin nunawa. Kudancinta kuwa, inda duwatsu da itatuwa da tarihi suka haɗu, yana da nasa abin da ba a samu a wani wuri.

Birnin Kudu ba shi da giwa, ba kuma sai an yi masa otal mai hawa ba. Yana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, ga hanyar Ningi da ta Dutse. Garin tsohuwar cibiyar ilmi ce mai tsohuwar kwalejin gwamnati, ga asibitin tarayya da ke kawo ma'aikata da baƙi daga ko'ina. Makarantun Jigawa da Kano da Bauci kaɗai sun isa su cika wurin da ɗalibai kowane zango. Abin da baƙo ke bukata kaɗan ne: hanyar ƙafa mai alama, inuwa da wurin zama, ruwan sha, makewayi, wurin salla, da ɗan gari wanda ya san tarihin wurin da sunan kowace bishiya da amfaninta. Da Salla ƙarama da babba, matasan da ke rasa wurin zuwa za su sami inda za su yini.

Sai dai baƙi ma suna da tasu ɓarnar. Mai rubuta sunansa da gawayi ko fenti a jikin kogo, da mai shafa zane da hannu ko zuba masa ruwa don hoto ya fito, da mai jefar da leda ko guntun taba a busasshiyar ciyawa, duk suna iya lalata abin da suka zo gani. Saboda haka buɗe wuri ba tare da mai rakiya da ƙa'ida ba ya fi rufe shi muni.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Matakin farko shi ne a san abin da ya rage. A fito da tsofaffin gazet da taswirori, a bi iyakar kowane gandu da ƙafa tare da hakimi da dagatai da ardo, a gwada da hotunan tauraron ɗan'adam waɗanda yanzu ba su da wuyar samu. Inda gari ya riga ya zauna shekara da shekaru, a faɗi gaskiya a daidaita. Inda daji ya rage, a sake kafa alamu, a kuma sanar da kowa a masallaci da kasuwa. Yanka gandu a ba wani ya zama sai an yi shi a fili, an buga a gazet.

Na biyu, a kasa kowane gandu gida uku. Kashi ɗaya a bar shi ya huta sam, musamman bakin rafuka da gangaren duwatsu da kewayen kogunan zane. Kashi na biyu na amfanin ƙauyukan da ke kewaye ne, inda za a tsinci itace, a ɗebi kaɗanya da ɗorawa da zuma da magani, a yanki ciyawa, a yi kiwo a lokacin da aka yarda. Kashi na uku, wanda ya fi ƙanƙanta, shi ne na baƙi. Ko a Amurka, wadda ta keɓe gandun Yellowstone tun 1872, dokar da aka yi cikin 1960 ta ce a tafiyar da dazuzzukan gwamnati don katako da kiwo da ruwa da namun daji da shaƙatawa gaba ɗaya, kada a ci fiye da abin da dajin zai iya mayarwa.

Na uku, kowane gandu ya sami kwamitinsa na mutanen wurin, da manomi da makiyayi da maharbi da mai saran itace, da matan da su ne suka fi kowa shiga daji. A rubuta musu hakkinsu da rabonsu na kuɗin shiga da na haraji, a liƙa a inda kowa zai gani. Masu gadi da masu rakiyar baƙi a ɗauke su daga cikin samarin ƙauyukan, har da masu gawayin kansu, domin ba wanda ya fi su sanin dajin. Jihar tana da hukumar sasanta manoma da makiyaya, ya dace a sa ta cikin aikin tun daga farko, domin gandun da aka tsare alhali burtali na toshe ba zai daɗe ba.

Na huɗu, a rage wa dajin nauyi. A ƙarfafa sassaben zamani a gonaki, a ba da filayen dasa itacen girki masu saurin girma kamar darbejiya da turare a wajen gandu, a yaɗa murhu mai cin itace kaɗan. A yi share-wuta da zarar kaka ta wuce, kafin ciyawa ta bushe ƙarau.

Kuɗin somawa ba za a rasa inda za a nema ba. Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Itatuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi cikin 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma cikin 2015. Cikin Disamba 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Amma jama'ar wannan yanki sun sha ganin bikin dashen itace, a dasa da damina a bar wa awaki da rani. Kuɗin waje na ƙarewa, ma'aikacin shiri na komawa gida. Wanda zai saura shi ne mutumin ƙauyen da ke kwana yana tashi a bakin dajin.

Mutanen da suka zana shanunsu a Dutsen Habude sun yi kiwo a ƙasa mai ciyawa da inuwa, sun kuma bar ta yadda na bayansu suka samu suka rayu. Ko jikokin mutanen Birnin Kudu da Gwaram za su tarar da ƙirya da kaɗanya a tsaye, ko kuwa sai dai a ba su labari, wannan ya rataya ne a kan shawarar da gwamnati da masarauta da talakawa za su yanke cikin 'yan shekarun nan. Hausawa dai sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.